Nan Muka Shigo

Shekara hamsin da huɗu yayata Darka da mijinta Orest suna musu a kan fim guda ɗaya. Duk tsawon shekarun nan ina ƙarshen teburinsu ina shan shayi ina saurare. Ba su taɓa neman ra'ayina ba, ni ma ban taɓa bayarwa ba.

Fim ɗin tsoho ne, fari da baƙi, labarin wani dogon mutum mai aikin gina gada. A gidan ba a kiransa da sunansa, fim ɗin Dogo ake ce masa. A wurin Orest labarin gajere ne: Dogo ya zo gari, ya yi aure, ambaliya ta tafi da shi. A wurin Darka kuwa, bayan an binne Dogo sai ya dawo a jirgin ƙasa, ba wanda ya gane shi, har matarsa. Sai ya sake neman aurenta daga farko, da haƙuri, har aka sake ɗaura musu aure.

"Ya mutu," in ji Orest. "Ruwa ya ci shi, aka binne shi, kowa ya tashi. Ni a layin gaba nake zaune."

"Shi ya sa ba ka ga komai ba sai ƙofofin hancin mutane. Wa ya ce bai mutu ba? Ya mutu, amma ya dawo."

"A jirgin ƙasa."

"A jirgin ƙasa mana. A kan saniya kake so ya dawo?"

"Ke kin taɓa ganin wanda aka binne ya je ya yanki tikiti?"

"Ɗan mai aski, kai dai ba ka da zuciya."

"To auren na biyun, da rigar farkon ta sake yi?"

"Talakawa ne. Riga nawa kake so ta ɗinka?"

Haka ake yi, a Kirsimeti, a bikin girbi, har a wurin zaman makoki idan aka rasa abin cewa. 'Yarsu Lesya ta sha cewa za ta nemo musu fim ɗin a waya su huta. Darka ta ce na waya yanke shi ake yi. Orest ya ce shi ba ya buƙatar shaida a kan abin da ya gani da idonsa.

Ni na san inda matsalar take. A zamaninmu, ranar Asabar tsoho Zaharko, mai silimar garinmu, yakan kunna majigi da sha biyun rana, ba ya kashewa sai yamma. Fim ya ƙare, a sa ɗan zanen barkwanci, fim ya sake farawa, ba a ko kunna fitila. 'Yan cikin gari irin su Orest, waɗanda gidajensu ke bayan silimar, tun sha biyu suke kan kujera. Mu 'yan gona kuwa sai Baba ya sauke garewanin madara da ƙwai, ya gaisa da duk wanda ya sani a bakin titi, sannan mu shiga. Duk inda muka tarar da fim, nan ne farkonsa. Sai ka zauna har abin da ka fara gani ya zagayo, babban da ya kawo ku ya ce, "Nan muka shigo," ku tashi. Babanmu da ya zauna barci yake yi, hula a kan fuska. Amma bai taɓa kuskure ba. Daidai wurin zai ɗaga hular, ya faɗi kalmomin nan uku, ya miƙe.

Ba wai Darka ba ta san wannan al'ada ba. Ta santa sarai daga baya. Amma fim ɗin Dogo shi ne na farko da ta taɓa gani, tana da shekara bakwai, ina da biyar, ba mu jin Turanci ko kalma goma, don a gida harshen Yukren muke yi. Ta gan shi tun kafin ta san fim yana da kai da ƙafa. Mun shigo ana rawar biki, mun tashi ana rawar biki. Abin da ke tsakani ta ɗinke shi da kanta, ya zauna mata daram.

Ni sai da na haura talatin na gane. Ina aikin haƙar ma'adinai a arewa, na karya ƙafa, ina kwance a asibiti aka sa fim ɗin a talabijin tun daga farkonsa. Jirgi ya tsaya, Dogo ya sauko da akwatinsa. Na yi dariya har mai jinya ta leƙo. Da na dawo gida na je da niyyar faɗa. Na tarar Lesya tana ƙarama tana fama da zazzaɓi, Darka na bakin gadonta tana ba ta labarin mutumin da ya dawo a jirgin ƙasa. Na tsaya a ƙofa na saurara har ƙarshe. Nata ya fi na talabijin daɗi. Na koma kicin na dafa shayi.

To bana sai maganar ta bar wasa. Gwiwar Orest ta lalace, kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida ya zama yaƙi. Lesya ta samo musu ɗaki a birnin Winnipeg, a bene hawa na tara, kusa da ita, ga na'urar hawa bene, ga likita a ƙasa. Aka ce su ba da amsa ranar Litinin ta ƙarshen Satumba. Orest kullum da ƙarfi yake cewa a tafi. Darka kuwa tana da lambu a bayan gida, shekara arba'in da wani abu tana juya ƙasarsa, kuma a ciki akwai tafarnuwar da mahaifiyarmu ta zo da irinta daga ƙasarmu ta asali, Yukren, a ƙulle cikin ɗankwali. Ta ce tafarnuwa ba ta fita a hawa na tara.

Ana cikin haka garinmu ya cika shekara ɗari. Tamara, jikar Zaharko, ta share silimar da ta yi shekara talatin a rufe, ta ce za a buɗe ta rana ɗaya, Asabar ɗin da ta gabaci Litinin ɗin nan, kuma za a yi yadda kakanta yake yi, daga sha biyu har yamma. Tsofaffin gari suka yi ƙuri'a a kan fim. Dogo ya ci.

Ina zaune Orest ya buga tebur.

"Shi ke nan, tsohuwa. Fim ɗin zai raba mu. In ya mutu bai dawo ba, Winnipeg. In ya dawo, a lambun nan za a binne mu."

"Na yarda."

"Kin yarda fa?"

"Kurma ne kai? Miron shaida ne."

Ta nuna ni da haɓa. Na ce, "Darka, da an bar fim a matsayin fim, gida a matsayin gida."

"Sha shayinka," in ji ta.

Kwana huɗu ina juya abin. In na faɗa mata gaskiya, na ƙwace mata fim ɗin kuma ba lallai ta janye ba, don Darka ba ta janyewa. In na yi shiru, gida ya tafi. Har Asabar ta zo ban yanke komai ba.

Ni ne direba, don Orest ya daina tuƙi. Na iso gidansu sha ɗaya da kwata. Orest yana tsaye a ƙofa cikin kwat ɗin coci, yana duba agogo. Darka na lambu. Rediyo ta ce ƙanƙara za ta sauka, don haka sai ta lulluɓe tumatir da tsofaffin zannuwan gado, ɗaya bayan ɗaya, tana danne gefe da duwatsu.

"Fim da rana za a yi, ƙanƙara sai asuba!" Orest ya ɗaga murya.

"In na dawo da murna zan manta."

Daga nan ta shiga kicin. Mutanen gona ba sa zuwa silima hannu sake. Ta yanka burodi, ta jera naman da ya sha tafarnuwa, ta naɗe kokwamba mai tsami a takarda, ta dafa ƙwai shida.

"Ana sayar da gugguru a can," in ji Orest.

"Gugguru iska ce. Kai da iska aka rene ka, shi ya sa gwiwarka ta ƙare."

Sha biyu saura biyar muka fita. Gidansu mil tara ne daga gari. Ba mu yi nisa ba muka tarar da injin girbin alkama yana tafe a kan titi, ya cinye rabin hanya, yana rarrafe. Gaskiya hanya a buɗe take, ana hango har ƙarshen duniya, da na so da na wuce. Ban wuce ba. Ban san me nake fata ba. Na dai bi bayansa a hankali, ƙaiƙayi na sauka a gilashi.

"Miron, ka wuce shi mana!"

"Akwai kwana a gaba."

"Wace kwana? A shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan ta Manitoba? Tun da aka haife ni ban ga kwana a hanyar nan ba!"

Ɗaya saura kwata muka isa. Tamara na bakin ƙofa tana yaga tikiti, ta sa tsohuwar jar hular kakanta.

"An daɗe da farawa," in ji ta, "amma ku shiga, zai zagayo."

Orest ya ce mu jira a waje har a sake farawa, a yi abu bisa tsari. Darka ta gyara jakarta.

"Ubana bai taɓa jiran fim ba, fim ne yake jiransa." Ta ture labule ta shige.

Ƙamshin ne ya fara tarbata. Daga gaba gugguru, daga baya tafarnuwa. Ba wanda ya tsara, amma 'yan gari sun zauna gaba, 'yan gona sun taru a baya, kowa da ƙullinsa a cinya, kawuna duk furfura. Kujerun har yanzu suna kuka in an zauna. Na ɗaga kai na kalli allo. Rawar biki ake yi. Dogo yana juya amarya, mai goge yana zufa. Daidai inda Baba ya shigo da mu shekara sittin da tara da suka wuce.

Darka ta miƙa mini ƙwai ba tare da ta kalle ni ba.

Muka ga sun tare a ɗan gidansu na katako. Muka ga mahaifin amarya ya rasu. Aka gama gada. Ruwan sama ya ƙi tsayawa, kogi ya cika, Dogo ya fita da igiya a kafaɗa, matarsa na riƙe masa riga. A layinmu wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Kada ka je, wawa!" Ya je. Aka binne shi a kan tudu, matar ta tsaya ita kaɗai, kiɗa ya tashi, manyan haruffa suka cika allo suna cewa an gama.

Orest ya tafa hannu sau ɗaya. "Karanta! Yanzu ai kina jin Turanci. Karanta mini!"

"Zauna, kana tare wa mutane. Hutu ne."

Aka sa zanen wata akuya da ta cinye hular ɗan sanda. Orest bai yi dariya ba, yana ta huci. Sai allo ya yi duhu, aka ji kukan jirgi. Hayaƙi ya washe, ga Dogo yana saukowa da akwatinsa, yana gyara hula.

Darka ta damƙe hannun mijinta. "Ga shi nan! Ga shi nan, ɗan mai aski! Kalle shi da kyau!"

"An sake farawa ne!"

"Shhh!" in ji layin gaba.

"Ku yi mana shiru ku ma," in ji layin baya.

Dogo ya haɗu da matar a shagon burodi. Ta ce ba ta san shi ba. Darka ta zungure ni: "Ka ji ko? Ba ta gane shi ba." Amma yanzu kunnenta yana kama kowace kalma. Dogo ya ce bai taɓa zuwa garin ba. Ya tambayi ina kogi yake. Aka nuna kogin, babu gada, sai turaku biyu. Can sai ga mahaifin amarya, wanda muka binne minti arba'in da suka wuce, ya fito garas yana korar Dogo da tsintsiya.

"Shi ma jirgin ya biyo?" Orest ya raɗa mata.

Burodin da ke hannunta ta mayar cikin takarda. Na kalle ta ta gefen ido, hasken allo na wasa a fuskarta, leɓenta na motsi kamar mai ƙirga wani abu. Ban taɓa jin Darka ta yi shiru na rabin awa ba sai ranar.

Dogo ya yi ta zarya, ya kawo furanni, tsohon ya sauko. Aka ɗaura aure. Mai goge ya ɗaga gogensa, Dogo ya kama hannun amarya ya fara juya ta. Sai Darka ta miƙe, ta rataya jaka, ta ce da muryar Baba sak, har da ɗan kaurin barcin nan:

"Nan muka shigo."

Layin baya ya fashe da dariya, wasu har da tafi, don kowa ya tuna nasa uban. Ita kuwa ta tsaya cak, kamar wani ne ya yi maganar a bayanta. Sannan ta juya ta fita. Muka bi ta.

A waje rana tana nan da sauranta, har idona ya yi zafi. Darka ta tsaya kusa da motata, ta fyace hanci, ta ninke hankicin gida huɗu.

"Ya mutu," in ji ta. "Bai dawo ba. Ka ci."

Orest ya buɗe baki. Na zaci zai yi rawa a kan gwiwar nan tasa. Sai ya ce, "Me kika ce?"

"Na ce ka ci. Ka kira Lesya, ka ce ta karɓi ɗakin. Tafarnuwar zan ba matar Miron." Ta manta matata ta rasu shekara shida. Ban gyara mata ba.

"To, ai ba sai yau ba."

"Litinin ta ce. Yau da Litinin duk ɗaya ne."

Orest ya cire hula, ya shafa sanƙonsa, ya mayar. Ya kalli ƙofar silima.

"Tsaya tukuna. Wannan jirgin fa."

"An sake farawa ne. Kai ka faɗa."

"Na faɗa, amma daga baya na duba da kyau. Ba ki ga ya rame ba da ya sauko? Wanda ya kwana a ƙasa dole ya rame."

"Orest."

"Kuma akwatin nan, ƙarami ne. Me mamaci zai ɗauko? Ya yi daidai."

"To uban amaryar?"

"Jirgi ai ba mutum ɗaya yake ɗauka ba!"

"Gadar fa? Ita ma mutuwa ta yi ta dawo turaku?"

"Ambaliya aka yi, tsohuwa! Ruwa ya tafi da ita! Ke ba ki kallon fim ne?"

Mutane sun fara fitowa shan iska, suna tsayawa nesa kaɗan kamar masu duba tayar motocinsu. Darka ta sa hannu a ƙugu ta ƙare masa kallo, daga hula har takalmi.

"Wata uku kana cika mini kunne da Winnipeg."

"Hawa na tara, Darka! Me zan yi a hawa na tara? Da wa zan gaisa, da tattabaru? A nan in na zauna a ƙofa kowa ya wuce sai ya ɗaga mini hannu. A can wa ya san ubana ya yi wa rabin garin nan aski?"

"To me ya sa kake ta cewa a tafi?"

"Don na san za ki ƙi! Yarinyar nan ta dame ni, na ce bari in ce to, uwarta za ta tare. Shekara hamsin da huɗu ba ki taɓa cewa na yi daidai ba. Ko da na ce ana ruwa sai kin leƙa taga. Sai yau? Yau kika ga dama?"

"Ai kai ka kawo sharaɗin."

"Na zaci ko allon ne ya sauko ya rantse miki ba za ki yarda ba!"

Daga nan su biyun suka juyo gare ni. A iya sanina wannan ne karo na farko.

"Miron," in ji Orest, "kai ne shaida. Ya dawo ko bai dawo ba?"

Na daɗe ina kallon makullin mota. Na ce, "Ni dai sau biyu na ga fim ɗin nan a silimar nan. Duk lokacin da na tashi daga kujera, Dogo yana raye yana rawa."

"Kin ji!" in ji Orest.

Darka ta ƙanƙance ido. "A silimar nan, ka ce. A wani wurin fa?"

"A asibiti na taɓa gani. Lokacin ƙafata."

"Tun daga farko?"

"Tun daga farko."

"Shekara arba'in ka sani?"

"Da ɗoriya."

Ta maka mini jakar a kafaɗa. Sauran ƙwai uku a ciki, na ji sun fashe.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ba a tambaye ni ba."

Ta buɗe ƙofar mota ta zauna a gaba, wurin Orest. Sai da muka wuce mil uku, muka sake tarar da injin girbin nan yana komawa, sannan ta yi magana, tana kallon gonaki.

"Sharaɗi sharaɗi ne. Ka ci, sai a yi yadda ka ce. Me ka ce?"

Daga kujerar baya Orest ya ce, "Na ce ya dawo."

"To kai za ka gaya wa Lesya da bakinka. Kuma ka faɗa mata dalili, kada ka rage komai. Ka ce mata wani mamaci ne ya hau jirgi."

Ya kira ta ranar Litinin. Ba na wurin, amma an ce wayar ta yi awa ɗaya, kuma yawancinta Lesya ce take magana. A ƙarshe aka shirya ni zan riƙa zuwa da injina in kwashe musu dusar ƙanƙara, abin da dā ma nake yi in Orest bai gan ni ba.

Tsakiyar Oktoba na biya da safe. Ita tafarnuwa kafin sanyi ake binne ta, sai Yuli a tone. Na tarar Orest a lambu, ya durƙusa a kan tsohon matashin kujera, ya miƙe ƙafar da ke ciwo gefe guda, yana tura 'ya'yan tafarnuwa cikin ƙasa da babban yatsa. Darka na zaune a matakala da kwano a cinya tana ɓare masa.

"Tsinin sama, ɗan mai aski. Sama. So kake ta fito a China?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai da ka ce matacce ya yanki tikiti."

"Ya yanka. Na gan shi da idona."

"Ya mutu, Orest. Ruwa ya ci shi."

"Ke dai ba ki da zuciya."

Ta ɗago ta gan ni a bakin shinge. "Miron, akwai shayi a kan murhu."

Na shiga na zuba, na fito da kujera, na zauna inda zan ji su.